Ƙwandalar da Aka Dunƙula wa Malam

Ni ce na zana ƙwandalar nan, kuma har gobe in aka tambaye ni zan ce ta yi kyau. Wannan ma yana cikin abin da yake ƙona mini rai. Da mummuna ce, irin tarkacen da ake tallata wa baƙi a bakin kogi, da na samu inda zan sauke haushina na huta. Amma ƙarfen bai yi mini komai ba, maƙerin da ya buga shi ma haka. Masu laifin suna nan da ransu da lafiyarsu, ana ta yi musu ranka ya daɗe a wuraren biki.

Maigidana, wanda kowa yake ce wa Malam har ni ma na bi sahu, direban bas ne a Landan tun kafin a kawo ni. Shi da abokansa uku suka kafa wata ƙungiyar jana'iza, a wani ɗaki da ke saman shagon wani mutumin Gana a Deptford, inda warin bandar kifi da manja ba ya fita ko an wangale taga. Aikinsu guda ne. In ɗan Arewa ya rasu a garin nan ba shi da kowa, ko yana da dangin amma sun rasa ta inda za su fara, sai a kira su. Su je asibiti, su yi ta zarya tsakanin ofisoshi har a sakar musu mamacin, su wanke shi, su sa masa likkafani, a sallace shi, a kai shi makwancinsa. Ɗalibin da ya faɗi a ɗakin haya, tsohon da aka kawo jinya kwana ya ƙare, jaririn da bai zo da rai ba, duk sun bi ta hannun Malam. Ya sha tsame hannu daga tuwo ya fita. Ko ruwan shayi ba ya yarda ya sha a gidan mamaci kafin a gama, wai kada ya rage ladansa.

Daga baya ciwon suga ya taɓa masa ido. Likitoci suka yi iya yinsu, amma aka karɓe lasisin tuƙinsa, ya dawo zaman gida a benenmu na Thamesmead. Ina so a fahimce ni a nan, ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sha ba. Yana da fanshonsa, ni ina aikina na kula da tsofaffi, ranakun hutu kuma ina yi wa amare lalle. Abin da ya rasa shi ne sitiyari, da kuma inda zai nufa da safe. Shi kuwa mutum ne da ya gwammace ka zage shi da ka tausaya masa. Kullum sai ya goge kayansa da kansa, yana laluben karin wando da yatsa, ya kafa hula, ko da iyakacinsa bakin tafkin unguwa ne. Ya taɓa ce mini, "Ke dai ki taya ni addu'a, kada na zama wanda ake gani a rage murya." Ƙungiyar nan ce kaɗai ta rage masa wurin da zai shiga a matsa masa ya zauna don ana bukatarsa.

A tsakanin nan aka yi sabon shugaba. Wani Alhaji ne, cikin masu kuɗin nan da suke da gida a Landan saboda yara suna makaranta, gidan da yake rufe rabin shekara. Ya saya wa ƙungiya motar ɗaukar gawa, shi ke nan aka zaɓe shi, ko hamayya babu. Motar kam ta yi amfani, ba zan tauye mata haƙƙinta ba. Amma shi bai taɓa shiga cikinta ba. Tsoron gawa yake yi, kowa ya sani. In ana jana'iza can baya yake tsayawa, waya a kunne, hankici mai turare a hanci, sai an gama an juyo sannan ya kutso gaba don a gan shi yana karɓar gaisuwa. Ya tattaro irinsa ya cika kwamiti da su, wani likita da ya zama sakatare, wani lauya, da wasu manya masu ritaya da ba su da abin yi. Malam kuma aka naɗa shi uban ƙungiya, irin sarautar da ake ba mutum in ana so ya zauna ya yi shiru. Taro ma ya tashi daga saman shago ya koma falon Alhaji, inda sai ka hau bas, ka shiga jirgin ƙasa, ka sake wani kafin ka isa. Mai rabin ido ina shi ina wannan tafiya? Ya daina zuwa taro, amma in an yi rasuwa shi ake kira, don matasan da ke wankan a hannunsa suka koya.

Maganar ƙwandala daga aljihun Alhaji ta fito. Wai ya taɓa zuwa wani gajeren kwas tare da wasu hafsoshi, wani tsohon sojan Bature ya ba shi wata ƙatuwar ƙwandala mai tambarin rundunarsu. Tun daga ranar ba wanda ya huta. Ko dubiya ya je sai ya zaro ta. Ya ce sojoji da 'yan kwana-kwana da masu aikin ceto, kowace ƙungiya tana da tata. Ba ta kashewa ba ce, shaida ce cewa kai ɗan gida ne, ka sha wuyar da 'yan gida suka sha. In ana zaune wani ya buga tasa a kan tebur, dole kowa ya fito da tasa, wanda bai zo da ita ba shi zai sayi abin sha. "Su giya suke saye," in ji shi, "mu sai mu mayar da shi shayi da tsire." Aka yi ta dariya kamar ya faɗi wani abu.

Ni ma'anar abin ba ta ba ni haushi ba. Mutanen da suka shiga wuta tare, ko suka ɗauki gawa tare, in sun so su riƙe wani abu a aljihu da zai riƙa tuna musu da juna, ina ruwan wani? Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne bakin da maganar ta fito.

Da yake an san ina zane, matar sakatare ta ba da sunana, aka kira ni falon. Na zauna a gefen kujera da takarda da fensir, manyan mutane suna ta musu a kan abin da bai cika tafin hannu ba. Wannan ya ce a sa taswirar Najeriya, wancan ya ce a sa babban agogon Landan, lauya ya ce sai da mikiya. Wani mai neman shiga ya ce ai fuskar Alhaji ta fi dacewa. Alhaji ya sunkuyar da kai yana murmushi yana cewa a'a, a'a, da muryar wanda yake jira a ƙara matsa masa. Ba don wani dattijo ya ce hoton mutum bai kamata a jikin abin jana'iza ba, da yanzu hancinsa yana cikin aljihun mutane. Sai aka koma kan aya. Aka kwashe zama guda ana ja-in-ja a kan wacce za a rubuta, kafin wani ya tuna cewa abin aljihu ne, da shi za a riƙa shiga bayi. Aka janye aya.

Ni abin da na kawo mai sauƙi ne, buta a gefe da farin ƙyalle a ninke, tunda aikin ke nan. Sakatare ya karɓi takardar ya riƙe ta da yatsa biyu.

"Hajiya, wannan ai too morbid ne," ya ce. "Abin da za mu riƙa yi wa manyan baƙi presenting ne fa. Ki nemo mana something positive."

Na ce, "Likita, ai na ɗauka ƙungiyar wankan gawa ce."

Ya ce, "Welfare, Hajiya. Welfare association."

A ƙarshe aka tsaya a kan dagin Arewa a fuska ɗaya, ɗaya fuskar kuma gadar kogi da sunan ƙungiya a kewaye.

Wurin maƙerin ne kawai na ji daɗi a duk hidimar. Wani tsohon Bature ne mai ɗan shago a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ba nisa da kasuwar Deptford, shi da 'yarsa suke aikin. Ina shiga warin mai da ƙarfe ya tuna mini da maƙeran farin da ke bayan gidanmu a Kano, inda ake aikena gyaran 'yan kunnen mahaifiyata. Ya daɗe yana kallon dagin, yana bin zaren da bakin fensir, yana ganin inda ya hau da inda ya nutse ƙarƙashin ɗan'uwansa. Ya ce in aka buga shi a shafe zai mutu, sai an yi masa tudu da kwari. Ya nuna mini yadda ake yi. Inji ne yake fara sassaƙa zanen a jikin wani dunƙulen baƙin ƙarfe, a juye, duk abin da zai fito tudu a nan rami ne. Sannan shi ya zauna da gilashi a ido da 'yan ƙananan kayan aikinsa irin na mai gyaran agogo, yana bin lungu-lungu yana gyarawa. In ya gamsu sai a gasa ƙarfen ya yi tauri, a sa falen tagulla a tsakanin irinsa guda biyu, na gaba da na baya, a danna da wani inji wanda in ya sauko sai ka ji a haƙoranka. 'Yar kuma ita take zuba kala, kore da fari, da wani abu mai kama da allurar likita, rami bayan rami, ba ta bari ko ɗigo ya haura. Aka yi wa bakin ƙwandalar murɗi irin na igiya, aka shafa mata wani baƙin ruwa aka goge, baƙin ya zauna a cikin kwarin, dagin ya taso sai ka ce za ka iya zura yatsa a ƙarƙashinsa. Ranar da tsohon ya ɗora mini ta farko a hannu, nauyinta ya ba ni mamaki. Na so in kai wa Malam ya taɓa, amma Alhaji ya riga ya bar saƙo cewa kada ko ɗaya ta fita sai ranar walima.

Da baki na kwatanta masa. Na ce masa lambar yabo ce za a ba waɗanda suka yi wa ƙungiya hidima. Ya yi kamar abin bai dame shi ba, can da muna cin abinci sai ya ce, "A wuya ake ratayawa ko a ƙirji ake maƙalawa?" Na ce ina jin a ɗan akwati za a miƙa, don na ga wasu shuɗɗan akwatuna a shagon.

Wata ranar Asabar aka yi walimar, a wani zauren taro da aka kama a Dagenham. Malam ya sa babbar rigarsa ruwan toka wadda ba ya sawa sai da salla. A cikin bas ina ganin leɓɓansa suna motsi, na san bitar abin da zai faɗa yake yi in an kira shi gaban mutane. Zai ambaci abokansa biyu da suka riga mu gidan gaskiya, ya yi musu addu'a, ya zauna.

Ashe akwai wani yanki na al'adar da Alhaji ya ɓoye wa kowa, wai zai ba mu mamaki. Wai su sojojin ba sa miƙa ƙwandala a fili, balle a akwati. Babba yakan ɓoye ta a tafin hannu, ya miƙa wa ƙarami hannun kamar gaisuwa, ta zame daga wannan tafi zuwa wancan. To, su can abin da suka saba ke nan, a wurinsu girmamawa ce. Amma don Allah wane Bahaushe ne, wanda aka haifa aka yanka masa rago, bai san abin da ake nufi da a dunƙula wa mutum abu a hannu wajen gaisuwa ba? Haka ake yi wa wanda ya zo gaishe ka daga ƙauye ba shi da kuɗin mota. Haka ake yi wa wanda kasuwa ta karye masa. Alhaji da kansa ya yi wa mutane haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma da yake wannan daga hannun Bature ta fito, sai kansa ya kulle.

Muna shiga, zaure cike, Alhaji ya taso daga babban tebur da mai ɗaukar hoto a bayansa. Na ware zan nufi ɓangaren mata, ganin ya nufo mu sai na dakata. Ya kama hannun Malam na dama, ya sa masa abu a ciki, ya ɗora hagunsa a kai ya naɗe masa yatsu. Sannan ya matso kusa da kunnensa ya rage murya, amma ba yadda na kusa ba za su ji ba.

"Baba, ga wannan. Ba yawa, a yi haƙuri."

Ba yawa! Da bakinsa ya faɗa. Na tabbata so ya yi ya nuna tawali'u, sai bakin ya kawo masa maganar da ya saba haɗawa da wannan motsin hannu. Wallahi ni kaina da na zana abar, a wannan lokacin kuɗi na ɗauka ya ba shi.

Malam bai buɗe hannun ba. Ba a buɗewa, wannan ma kowa ya sani. Ya ce, "Na gode, Allah ya saka," da wata murya da ban san shi da ita ba, ya zura hannun a aljihu. Wani ya ja shi zuwa kujera. Alhaji ya juyo yana washe baki yana jiran tafi, mutane kuwa kowa ya sunkuyar da kai yana gyara cokali.

Ban gama zama ba wata Hajiya da muke gaisawa sama-sama ta dafa gwiwata. "Allah sarki, Maman yara, ashe abin har ya kai haka? Shi ne ba ki faɗa ba? Kun yi applying na benefit kuwa? Ɗana ya san yadda ake yi a council." Na ce mata lafiyarmu ƙalau. Ta gyaɗa kai irin na wadda ta fahimta, ta ƙara mini naman kaza a faranti.

Ina hango shi daga inda nake. Aka ajiye masa shinkafa bai taɓa ba, don hannun da zai ci da shi yana aljihu. Ana idar da la'asar ya aiko a ce mini in fito. Ba mu yi magana a tasha ba, ba mu yi a jirgi ba, ba mu yi a bas ba. Sai da muka shiga gida na rufe ƙofa, ya zauna a bakin kujera da rigarsa da hularsa, ya fito da hannun ya buɗe a kan tebur. Ƙwandalar ta faɗo ta yi ƙara. Ashe ya matse ta har dagin ya fito ɓaro-ɓaro a tafinsa.

"Duba mini," ya ce. "Nawa ne?"

Na ce, "Malam, ai lambar ce. Lambar yabon da na zana ce." Na ɗora yatsansa a kan dagin, na bi da shi murɗin bakin. Na faɗa masa cewa kowace ƙwandala an buga mata lambar ƙidaya a gefe, tasa ce ta ɗaya. Na yi ta zuba kamar 'yar talla, ina so ya saki fuska.

Ya daɗe yana shafa ta. Ya ce, "Aiki ya yi kyau." Can kuma ya ce, "To, su mutanen da ke wurin, wa zai bi su gida-gida ya ɗora musu yatsa a kai?"

Daga baya na ji cewa Alhaji ya yi bayanin al'adar, amma sai a ƙarshen taro, da Turanci, bayan tsofaffi da masu yara sun tafi neman bas. Kafin nan kuwa hoton ya riga ya zaga wayoyin mutane. Wani ɗan kanzaginsa ne ya tura shi zauren ƙungiya na waya, ya rubuta a ƙasa cewa ga shugaba mai tausayi, bai manta da dattawanmu ba. Aka yi ta jero masa addu'o'i.

Washegari na kira Alhaji. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na faɗa masa abin da ya aikata. Dariya ya yi, har ina ji yana maimaita wa na kusa da shi.

"Haba Hajiya! Ai honour ne. Number one fa na ba shi, ni kaina number two na ɗauka. Haka ake yi a military. Mutanenmu ne dai ba su da exposure."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai a ina aka haife ka?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya ce zai yi clarifying. Ya kuwa yi, wani dogon rubutu da Turanci, har da tarihin yaƙe-yaƙen Turawa. Waɗanda suka daure suka karanta sai suka ƙara yaba masa. Suka ce ka ga mutumin kirki, ya taimaki bawan Allah, ya kuma dawo yana rufa masa asiri da zancen ƙwandala.

Juma'ar da ta biyo baya aka fara. Malam ya dawo daga masallaci ya zauna ko takalmi bai cire ba, ya ciro wata takardar kuɗi a nannaɗe ya ajiye. Wani ɗalibi ne ya ba shi, wanda Malam ya taɓa tsaya wa lokacin da ƙaninsa ya rasu. Da zuciya ɗaya ya yi, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ka mayar masa, ka kunyata shi, a ce ga talauci ga girman kai. Ka karɓa, ka tabbatar da zancen. Daga nan abin ya zama kamar farilla. Akwai wanda ya biyo mu har gida da buhun shinkafa, na tsaya a bakin ƙofa ina rantse-rantse cewa muna da ita, shi kuma yana cewa ai ya sani, ya sani, yana tura buhun da ƙafa. Duk abin da aka ba Malam a asusun masallaci yake zubawa kafin ya fito, amma wannan ba wanda ya ɗauki hotonsa.

Sai ya sayi sanda, alhali ƙafarsa lafiya lau, ya riƙa riƙe ta a dama. In an miƙo masa hannu sai ya ɗora hagu a ƙirji ya ɗan rusuna. Mutumin da a da in ya kama hannunka sai ya tambayi kowa a gidanku har mage kafin ya saki. Wasu suka ce ciwon ne ya taɓa masa hannu, wasu suka ce ya shiga wata sabuwar aƙida. Ni da nake gida na san abin da yake ciki, kuma na tsani Alhaji a kwanakin nan tsana mai tsanani, har sai da na riƙa istigfari.

Su kuwa 'yan kwamiti duniya sabuwa. Akwai wani gidan tsire da suke zama, in ka wuce za ka ji ƙarar tagulla a kan tebur da shewa, ƙatti da furfurarsu suna laluben aljihu, wanda ya manta tasa ana yi masa ihu. Ƙwandalar da aka ce sai wanda ya sha wuya ta zama tsarabar Alhaji. Duk wani babba da ya sauka a garin, mai muƙami ne ko surukin wani, sai an kai shi gidan an dunƙula masa an ɗauki hoto. Su ba wanda ya ce musu Allah sarki, don rigarsu ta isa ta yi musu bayani. Matasan da suke barin aikinsu su je wanka aka ce su jira bugu na biyu. Mata masu wankan mata kuwa ko zancensu ba a yi ba, tunda ba a gaisawa da su da hannu, al'adar soja kuma ai ba a taɓa ta.

Ana cikin haka abokinsa na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ya rasu a Dagenham, bayan doguwar jinya. Ya bar wasiyya cewa Malam ne zai wanke shi. Na raka shi har ƙofar ɗakin wankan da ke masallaci. Aikin ba ya bukatar ido sosai, hannu ya san hanyarsa, ga kuma matasa suna kama masa. Da aka dawo daga maƙabarta na ga fuskarsa ta washe duk da kukan da ya sha. Yana tsaye a tsakiyar mutane ana tambayarsa yadda za a yi kaza da kaza, yana ba da amsa, har ya manta sandar a jikin bango. Na ce a raina, Alhamdu lillahi, ya dawo.

Da za mu tafi, babban ɗan mamacin ya rako mu bakin ƙofa. A nan Landan aka haife shi, Malam ne ma ya yi masa huɗuba. Magidanci ne yanzu, Hausarsa a karkace take amma akwai ladabi. Ya miƙo hannu. Wanda ya binne ubansa yau ba a hana shi hannu, Malam ya ba shi. Ina kallo ambulan a ninke ta zame daga tafi zuwa tafi.

"Baba, for your trouble," ya ce. "Uncles sun ce haka ake yi maka yanzu. Sun ce kar in ba ka a gaban mutane."

Malam ya ce, "Mahaifinka abokina ne. Tare muka fara wannan aikin."

"I know, Baba. Shi ya sa na ƙara a kan abin da suka ce."

Na buɗe baki, Malam ya taɓa hannuna, na yi shiru. Ya sa masa albarka, ya yi wa mamacin addu'a, muka fito. Tun da yake wanke mutane ba a taɓa biyansa ba, sai a kan amininsa.

A gida ya ba ni ambulan ɗin ko buɗewa bai yi ba, ya ce ranar sadakar uku in kai wa matar mamacin, in ce gudummawarmu ce. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da jakar da yake zuwa wanka da ita, mai safar hannu da almakashi da sabulu da kafur da turare. Ya zazzage ta, ya laluba komai ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, ya zuge.

"Gobe ki kai wa yaran nan. Sun iya, za su yi ba ni."

Na ce, "Malam, saboda wautar mutum ɗaya za ka bar aikin Allah? Ka bar ni in je in tsaya a ƙofar masallaci in faɗa wa kowa da kowa."

Ya ce, "Kin faɗa, Alhajin ma ya faɗa. Duk gidan da na shiga yanzu, suna kuka suna tunanin abin da za su ba ni. Ba zan ƙara wa masu makoki wannan ba." Ya turo mini jakar, sannan ya ce, "Abu ɗaya nake roƙonki. In nawa ya zo, ki tsaya a kai. Wanda zai wanke ni ya yi don Allah. Kada ki bari a sa wa kowa komai a hannu."

Na ce to. Da safe na rataya jakar na hau bas zuwa Deptford wurin matasan, ina kuka mutane suna kallona, ban damu ba.